Gwamnatin da Ke Ƙofar Gidanmu: Nasiha ga Mazauna Kewayen Birnin Kano

Jama'ar Kumbotso da Ungogo da sauran unguwannin da suka yi wa birnin Kano ƙawanya, Allah Ya ba ku haƙurin sauraro. A zauna a kowace majalisa bayan sallar isha'i, a Sheka ne ko Na'ibawa, a Rijiyar Zaki ne ko Bachirawa, za a tarar da mutane masu ilimin siyasa na ban mamaki. Sun san wanda ya sauya sheƙa a Abuja da dalilinsa, sun san abin da sojojin baka suka faɗa a rediyo daren jiya, sun san rikicin Gabas ta Tsakiya dalla-dalla. Amma a tambayi majalisar nan sunan kansilan mazaɓarsu, ko nawa aka turo wa ƙaramar hukumarsu a watan da ya wuce, ko yaushe majalisar kansiloli ta yi zamanta na ƙarshe, sai wuri ya yi tsit. Wannan shirun shi ne abin da ya dame ni, domin ina ganin yana cikin manyan dalilan da suka sa unguwanninmu suke yadda suke. Gwamnatin da ta fi kusa da mu ita muka fi sakar wa mara, kuma duk hukumar da ba a sa mata ido, ko waliyyi aka ɗora a kanta sai ta yi sanyi.

Da yawa daga cikinmu ba su san nauyin da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma ba. Tun gyaran fuskar da aka yi a 1976 ta zama mataki na uku na gwamnati a Najeriya, kuma kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 7, ya wajabta a tafiyar da ita ta hannun zaɓaɓɓu. Jadawali na huɗu na kundin ya zayyana ayyukanta: gina tituna da lunguna da magudanan ruwa da kula da su, fitilun kan hanya, kwashe shara, kula da maƙabartu, kasuwanni, tashoshin mota, mahauta da ban-ɗakunan jama'a, raɗa wa layuka suna da sa wa gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan da sa hannu a harkar ilimin firamare da kiwon lafiya. A sake duba wannan jerin da kyau. Kusan duk abin da muke kuka da shi safe da yamma yana ciki. Gaskiya ne a cikin ƙwaryar Kano gwamnatin jiha ta karɓi wasu ayyukan ta hannun hukumominta, kamar REMASAB mai kwashe shara da KNUPDA mai tsara birni, amma motar shara ba ta shiga kowane lungu, kuma kwatar da ta toshe a bayan gidan mutum ba gwamna ne zai zo ya gan ta ba.

Buƙatar ta fi tsanani a kewayen birni fiye da ko'ina. A ƙidayar 2006 Kumbotso na da mutane kusan dubu 300, Ungogo kuma sama da dubu 360, kuma duk mai ido ya san gonakin da ake shuka dawa da gyaɗa a lokacin yau sun zama gidaje. Akasarin waɗannan unguwanni awon igiya ne: mai gona ya yanka, dillali ya sayar, kowa ya kafa tubalinsa, ba a bar filin makaranta ba, ba a bar na asibiti ba, hanya ma sai wadda Adaidaita Sahu za ta ratsa da ƙyar. Kududdufan da a da suke shanye ruwan sama an cike su da shara an yi gini a kai. Saboda haka idan damina ta kankama a watan Agusta, ruwa ya rasa hanyarsa sai ya bi ta tsakar gida. Za ka ga magidanci da asuba ya naɗe wando zuwa gwiwa yana jera buhunan yashi a bakin ƙofa, matarsa na kwashe ruwa da roba daga ɗaki, yara sun rataya takalman makaranta a wuya suna bin gefen katanga. Da rani kuma ɗan garuwa ne ke tura kura cike da jarkoki, farashi na hawa yadda ya ga dama. Tsohon birni ya gaji tsari da rijiyoyi da maƙabartu daga kakanni. Sababbin unguwanni ba su gaji komai ba, komai nasu sai an nema, kuma ƙofar farko ta nema ita ce sakatariyar ƙaramar hukuma.

Kada wani ya ce babu kuɗi. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya, kuma kowane wata ake rabon. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 adadin nairar da ake rabawa ya ƙaru ƙwarai, wato kuɗin da talaka ke biya a gidan mai da kuɗin mota wani kasonsu yana dawowa da sunan ƙaramar hukumarsa. Alƙaluman nan ba a ɓoye suke ba, ana wallafa su ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, duk yaron da ke da waya da data zai iya nemo su. Bayan wannan ga kuɗin shiga na cikin gida, wanda ake karɓa da rasit a hannun mai shago da mai tebur da mai rumfar kasuwa. Mai kayan miya da ake yankar wa rasit yana da haƙƙin ya tambayi inda kuɗinsa suka shiga.

Na san amsar da za a ba ni, kuma amsa ce mai nauyi. Za a ce ciyaman suna kawai ya tara, kuɗin suna hannun gwamna ta asusun haɗin gwiwa da sashe na 162 ya tanada, zaɓen ma ba zaɓe ba ne. Mai wannan magana yana da hujja. A watan Janairun 2021 jam'iyyar APC mai mulkin jiha a lokacin ta lashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484 gaba ɗaya. A watan Oktoban 2024 NNPP mai mulki a lokacin ita ma ta kwashe 44 da 484, ba ta bar ko ɗaya ba. Jam'iyyu biyu masu gaba da juna, sakamako iri ɗaya, wanda ke nuna cewa cutar ta wuce jam'iyya, a jikin tsarin take. Kotun Ƙoli ma ta ga haka, shi ya sa a ranar 11 ga Yulin 2024 ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu, ko da yake aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. To amma mu tambayi kanmu, me ya ba gwamnoni damar yin haka shekara da shekaru? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. An riƙe kuɗin ne domin an tabbata babu wanda zai tambaya. Alƙalai sun yi nasu, amma ba za su taso daga Abuja su zo Panshekara su duba ko an yashe kwata ba. Kuma a ce gobe kuɗin sun fara faɗawa asusun ƙaramar hukuma kai tsaye alhali jama'a na nan a kan halinsu na ko-in-kula, abin da zai canza kawai shi ne hannun da ke ɗiba. Idan ciyaman ya ce albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya ya cinye kason, ya nuna a rubuce. Idan ya ce an riƙe a sama, ya faɗa a bainar jama'a, sai a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Kowace amsa ya bayar, jama'a sun ƙaru da sanin abin da jiya ba su sani ba.

Akwai wani uzurin da ya keɓanta da mazauna gefen birni, wanda ba a cika furta shi ba amma yana aiki a zuci. Mutum ya shekara ashirin a Danbare ko Rangaza, a nan ya aurar da 'ya'yansa, amma har yau yana ɗaukar kansa ɗan cikin gari, ko ɗan Katsina, ko ɗan Haɗeja da ya zo neman abinci. Katin zaɓensa na tsohuwar unguwarsu, ranar zaɓe can yake tafiya, a nan kwana kawai yake yi. Su kuma 'yan asalin ƙauyukan da birni ya cim musu, wasunsu na kallon siyasar ƙaramar hukuma a matsayin gadonsu, baƙo ba shi da ta cewa. Duka ɓangarorin biyu sun yi kuskure. Sauron da ya ƙyanƙyashe a kwata ba ya tambayar takardar asali kafin ya ciji yaro, kuma ranar da ajali ya zo, galibi maƙabartar unguwar da mutum yake zaune ita za a nufa da shi. Hukumar zaɓe ta ƙasa ta ba da damar mutum ya mayar da rajistarsa inda yake zaune, kuma da wannan rajistar ake zaɓen kansila. Unguwar da ke da gidaje dubu amma ƙuri'unta ɗari biyu, ɗan siyasa ya san lissafinta sarai, kuma gwargwadon lissafin zai kula da ita.

Wasu kuma, mutanen kirki, za su ce sun gaji da jiran gwamnati, sun koma yi wa kansu. Wannan abin yabo ne, kuma shi ya riƙe unguwanninmu har yau. Da karo-karo aka sayi taransifoma, da shi ake biyan 'yan sintiri, da aikin gayya ake yashe magudana kafin ruwan farko, da taimakon masu hali aka katange maƙabartu da yawa. Ban ce a daina ba. Amma aikin gayya yana da iyaka: matasa za su iya yashe kwatar layinsu, ba za su iya gina babbar magudanar da za ta kwashe ruwan unguwanni uku ta kai shi rafi ba, ba za su iya ɗaukar ungozoma aiki su biya ta albashi duk wata ba. Sannan idan muka yi shiru muka yi komai da aljihunmu, mun biya sau biyu ke nan, mun kuma koya wa hukuma cewa za ta iya barci lafiya. Ƙungiyar da ta iya tara kuɗin taransifoma daga gida ɗari uku ta riga ta mallaki abin da ake buƙata: rajistar gidaje, shugabanni, amanar jama'a. Abin da ya rage shi ne ta rubuta takarda, ta sa hannu, ta kai sakatariya, ta karɓi shaidar an karɓa, ta koma bayan mako biyu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga hukuma, kuma ba a ce sai lauya ba.

Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa shi ne mu mutane ne masu taro. Ɗaurin aure ba ya rasa jama'a, haka suna da jana'iza, haka Maulidi da saukar karatu da musabaƙa, haka gasar ƙwallon unguwa da ake cika fili har kan katanga. Amma a kira taron kwamitin raya mazaɓa da ke kula da asibitin sha-ka-tafi, ko na kwamitin iyaye da ke kula da makarantar firamare, sai a ga dattawa biyar a kan benci. Ba sai mun ƙirƙiro wani sabon abu ba. Liman ya ƙara minti biyu a kan sanarwar da ya saba yi bayan sallah, ya faɗi ranar taro da wurinsa. Mai unguwa da dagaci, waɗanda hukuma ke nema duk lokacin rigakafi da ƙidaya, su ma su nemi hukuma a madadin talakawansu, su gayyaci kansila ya zauna gaban jama'a ko da sau ɗaya a wata uku. Iyayenmu mata, da su ne ke kwana a asibiti da yara kuma su suka san ranar da babu magani, a saurare su a makarantun Islamiyya, a kai maganarsu wurin taro. 'Yan jaridar gidajen rediyonmu su rage wa cacar bakin 'yan siyasa ko da kwata ɗaya na awa, su je zaman kansiloli su kawo mana rahoto. Matasan da ke cika dandalin WhatsApp na unguwa da hotunan 'yan takara su riƙa saka kason wata-wata a ciki.

Sai dai tambaya tana da ladabinta, kuma mai tambaya sai ya wanke hannunsa. Ba zagi ake nema ba, ba ƙazafi ba, ba kuma a mayar da taron unguwa filin jam'iyya ba. Kansila ɗan unguwa ne, ana haɗuwa da shi a sahu, a yi masa magana da mutunci da hujja. Mu kuma daina abin da ke kashe mana baki: wanda ya yi sammako ƙofar kansila neman kuɗin ragon suna ko na cefane, ba zai iya ɗaga murya gobe ya tambayi kuɗin kwalbati ba, shi ma kansilan ya samu hujjar cewa jama'a ne suka cinye. Haka wanda ke aiken almajiri ya juye shara a magudana da daddare, ko ya ci rabin hanya da dakalinsa, shi ma yana cikin masu jawo ambaliyar da yake kuka da ita.

Don haka ina roƙon kowane magidanci da kowace uwa a Kumbotso da Ungogo da maƙwabtansu, kafin Juma'a mai zuwa ku nemi sunan kansilanku da inda ake samunsa. Shugabannin ƙungiyoyin unguwa, ku zaɓi matsala guda ɗaya da ta fi ci muku tuwo a ƙwarya, ku rubuta ta, ku kai sakatariya tun kafin hadari ya haɗu, kuma ku karanta wa jama'a amsar da aka ba ku a masallaci. Allah Ya yi mana jagora, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana.