Halwa a Gefen Taro

A jihar Nebada ta ƙasar Amurka akwai wani fili fetal da ake kira Hamadar Black Rock, wanda asalinsa gindin wani tsohon tafki ne da ya ƙafe tun dubban shekaru, ya bar farar ƙura mai kaifi irin na kanwa, wadda ke tsattsaga tafin ƙafa, ga shi ba ciyawa, ba inuwa, ba rijiya. A nan ne, daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, mutane wajen 70,000 ke taruwa su kafa birni na mako guda da 'yan kai, su yi bikin da suke kira Burning Man, sa'an nan su rushe birnin, su tsince ko da tsinken ashana, su watse. Asalin abin a 1986 ne, sa'ad da Larry Harvey da abokinsa Jerry James suka ƙone wani mutum-mutumi na katako a bakin teku a San Faransisko, kafin a ƙaura da bikin zuwa hamada a 1990. Ba yabon taron ya sa na ɗauki alƙalami ba, gama a cikinsa akwai tsiraici da maye da sauran abubuwan da shari'armu ba ta yarda da su ba. Amma mai neman ibra ba ya ƙin ta don kawai a ƙasar wasu ya tsince ta.

An shata birnin ne bisa siffar fuskar agogo, mutum-mutumin da za a ƙone yana tsakiya, tituna suna kewaye da shi sahu-sahu daga ƙarfe 2 zuwa ƙarfe 10, kuma galibin mahalarta kan shigo da motocinsu har inda za su sauka, wasu da manyan motoci masu ɗaki da na'urar sanyaya iska, su yi zango kafaɗa da kafaɗa cikin kaɗe-kaɗen da ba sa yankewa dare da rana. Amma a bayan titi na ƙarshe, ta wajen ƙarfe 2 zuwa 5, an keɓe wani yanki mai faɗi inda aka hana mota shiga, wanda duk ya zaɓe shi sai ya ajiye motarsa a bakin iyaka, ya yi jigilar tantinsa da guzurinsa a ka ko a baro, ya kafa inda ya ga dama, nesa da maƙwabci. Mas'alar da ta ja hankalina ke nan: mutumin da ya biya kuɗin shiga da suka kai ɗaruruwan daloli, ya keto hamada takanas domin ya riski taro, sa'an nan da isowarsa ya nemi wurin da taron ya fi ƙaranci, shin hikima ya yi, ko kuwa ya saɓa wa kansa ne?

Mu fara da kaya, domin a nan hujjarsa ta fi ƙarfi. Ba a sayar da kome a birnin nan in ban da ƙanƙara, saboda haka kowa da ruwansa yake zuwa, kuma masu shirya taron suna ba da shawarar galan ɗaya da rabi ga kowane mutum a kowace rana, wato kusan lita 6, wanda in aka lissafa na kwana takwas ya haura kilo 45, tun ba a zo ga abinci da rumfa da turakun ƙarfen da za su riƙe tanti in guguwar ƙura ta taso ba; kuma ruwan da aka yi wanka ko wanke-wanke da shi ba a zubar da shi a ƙasa, sai dai a san yadda za a fita da shi. Mai mota ba ya tambayar kansa ko yana bukatar abu, iyakarsa ya duba ko akwai sauran wuri a bayan mota. Shi kuwa wanda zai ɗauka da wuyansa, a rana mai zafin da kan kai digiri 38, tilas ya tsaya a kan kowane ƙunshi ya yi masa hisabi, ya rarrabe abin da malaman usulu, irin su Imam Shaɗibi mutumin Andalus, suka kasa kashi uku, wato larura, da bukata, da abin ƙawa. Darasi ne da ake karantawa a zaure shekara da shekaru ba tare da ya ratsa zuciya ba, ga shi nan kafaɗa ta koyar da shi cikin yini guda, gama jiki magayi ne. A ganina wannan ita ce babbar fa'idar zaɓin, ta ma fi shirun da ake zuwa nema.

Shirun kuwa, a nan maganar ta yi tsawo tun zamanin magabata. Hujjatul Islam Imam Gazali, wanda ya bar kujerarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095, ya shafe wajen shekara goma yana nesa da majalisun sarakuna, har ya riƙa kulle kansa a hasumiyar masallacin Dimashƙa, ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan ladubban kaɗaita, kuma abin lura shi ne bai yanke hukunci guda ga kowa ba. Ya lissafa fa'idojin janyewa daga mutane, kamar samun sarari na ibada da tunani da kuɓuta daga giba da riya, sa'an nan ya lissafa na cuɗanya da su, kamar koyo da koyarwa, da amfanar da wani, da horar da rai ta hanyar jure wa halayen jama'a, da tawali'u. Ya kuma yi gargaɗi cewa sau da yawa girman kai ne ke sa mutum ya janye, shi kuwa yana zaton tsoron Allah ne. Shi kansa daga baya ya koma koyarwa a Naisaburi. Mashayihan Naƙshabandiyya kuma, tun daga Abdulkhaliƙ Gujduwani na ƙasar Buhara, sun ɗauki wata hanya mafi wuya, suka ce a yi halwar a tsakiyar taro, jiki yana kasuwa zuciya tana wurin Ubangijinta.

In aka auna mai zangon gefe da wannan ma'auni, za a ga bai kai ko ɗaya daga cikin biyun ba. Bai kai mai halwar gaskiya ba, domin hamadar Nebada tana da faɗin da, in kaɗaici yake so, zai same shi kyauta a kowane mako na shekara ban da wannan. Kuma shirun da yake jin daɗinsa shiru ne da taron ya ɗauki nauyinsa, tun da makewayin da yake zagawa, da ƙanƙarar da yake saya, da masu ba da magani da za su ɗauke shi in ƙishirwa ta kayar da shi, duk daga gumin waɗanda ya guje wa hayaniyarsu suka fito. Bai kuma kai Banaƙshabande ba, domin ya nemi ya samu da ƙafa abin da wancan ke nema da zuciya. Zuhudun mako guda, wanda motarsa ke jiransa a bakin iyaka da makullinta a aljihu, bai kamata a ba shi sunan da ya fi ƙarfinsa ba.

Duk da haka ban ga dalilin yi masa ba'a ba. Yawancin 'yan Adam ba waliyyai ba ne, kuma wanda ya san cewa ransa ba zai jure kiɗan dare bakwai a jere ba, ya matsa gefe domin ya sami barcin da zai sa ya wayi gari da sakin fuska, ya san gwargwadon kansa, sanin gwargwadon kai kuwa ba ƙaramin ilmi ba ne. Ƙa'idoji goma da Harvey ya rubuta wa taron a 2004 sun haɗa dogaro da kai da aikin gayya a jeri guda, alhali kuwa kowannensu yana jan mutum zuwa nasa ɓangaren, kuma ba a ga nauyin wannan ba sai a 2023, sa'ad da ruwan sama ya mayar da ƙurar nan taɓo mai danƙo, aka rufe ƙofar birnin, dubban mutane suka maƙale kwanaki, har aka umarce su da su yi tattalin ruwa da abinci. A irin wannan rana mai babbar mota da mai ɗan tanti duk sun koma ga abu guda, wato abin da maƙwabci zai iya ba su da abin da za su iya ba shi, domin zaman duniya cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne ko a Nebada.

Saboda haka hukuncin yana komawa ga niyya, niyya kuwa, ko da yake a ɓoye take, tana da alamar da ake gane ta da ita. Wanda ya kwana a gefe, da gari ya waye ya tako cikin birni ya kama wa wani igiyar rumfa, ya raba abin da ya yi wahalar ɗaukowa, ya zauna da baƙin da bai zaɓa ba, to janyewarsa guzuri ce ta cuɗanya, kuma na fifita zaɓinsa a kan na wanda ya biya 'yan kwangila suka kafa masa zango, suka dafa masa, ya zo ya tarar. Wanda kuwa ya zauna a bakin tantinsa yana hangen fitilun birni daga nesa yana jin ya fi masu rawa tsarki, to ya bar motarsa a bakin iyaka, amma ya shigo da ujubu, kuma da ya yi zamansa a gida da ya fi masa alheri.