Mai awon yara bai yi kuka ba: rashin tausayi ne?

A gidan likita akwai ma'aikata waɗanda aikinsu abinci ne. Su ne ke kula da yara masu tamowa. Suna ɗaura wani ɗan ma'auni a dantsen yaro, mai launi uku: tsanwa, ruwan ɗorawa da ja. In ya tsaya kan ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, yaron yana cikin hatsari.

Yawancin yaran nan suna warkewa. A shekara ta 2005, da yunwa ta tsananta, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Cikin yara 10, wajen 9 sun tashi. Amma akwai waɗanda kwanansu ya ƙare. In haka ta faru, sai ka ga ma'aikaci ya yi wa uwa gaisuwa, ya rubuta cikin littafi, ya wuce gado na gaba. Mutane su ce: wannan ba ya da tausayi.

Shin gaskiya ne?

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Amma ka tuna da uwa da ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban jama'a. Wa zai ce ba ta sonsa? Kara ce take yi. Ma'aikacin nan shi ma yana danne abin da ke ransa, kuma da dalili.

Yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa ba a cika masa ciki. Hanjinsa da zuciyarsa sun raunana, abinci mai yawa yana iya kashe shi. Sai a ba shi wata madara ta musamman, F-75, kaɗan-kaɗan, bayan kowane awa 2 ko 3, dare da rana. Daga watan 7 zuwa watan 10, rumbu ya yi ƙasa, ga zazzaɓin sauro, ɗaki ya cika maƙil. In ma'aikaci ya zauna kuka, yaron gado na gaba ya rasa madararsa. Uwar yaron kuma fuskar ma'aikaci take kallo. In ta ga ya karaya, ita ma ta karaya.

To, ina yake kai wannan nauyi?

Na farko, ya san rai na Allah ne. Shi aikinsa awo da ciyarwa. Wanda ya ɗauka shi ke rayarwa, mutuwa guda ta isa ta karya shi.

Na biyu, tawakkali bai hana shi tambaya ba. Ma'aikata sukan zauna su duba takardar yaron da ya rasu. Yaushe aka kawo shi? Sanyi ya kama shi da dare? An makara da madara? Amsar da suka samu ita za ta ceci wani yaro gobe.

Na uku, yana faɗa wa abokan aikinsa abin da ke damunsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, yana duban waɗanda suka tashi: yaron da aka kawo kamar tsumma, yau yana fizgar zanen uwarsa.

Sai dai akwai abin tsoro. Hannun manomi yana kanta saboda hauya, haka zuciya ma tana iya yin kanta. Ma'aikacin da ya fara yi wa uwaye tsawa, yana kallon yara kamar lamba cikin littafi, haƙurinsa ya zama taurin zuciya. Wannan yana bukatar hutu da nasiha. Ga yadda za ka bambanta su: kada ka nemi hawaye, dubi hannu. Mai tausayi yana tashi tsakar dare ya lulluɓe ɗan wani.

Kai ma kana da rabo cikin wannan kaya. Abin da ya fi ci musu rai shi ne yaron da aka kawo a makare, bayan an gama yawon magani. In ka ga yaro yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko ya ƙi nono, kai shi likita ranar nan. In kuma Allah ya karɓi abinsa, mutane za su zo maka gaisuwa. Ma'aikacin da ya kwana kan ɗanka ba mai zuwa yi masa. Kafin ka fita, ce masa: sannu da ƙoƙari.