Rumfar Bakin Kogi: Me Ke Jan Ɗan'uwanka Can?

 

Ya kai ɗan'uwa Musulmi, mutumin Guri da sauran garuruwan fadamar Kogin Haɗeja, ga tambaya. Me ke sa magidanci ya fito daga ruwa da la'asar sakaliya, ya ɗaure jirginsa, ya sayar da tarwaɗarsa, sannan ya wuce gidansa, ya wuce masallaci, ya zarce rumfar bakin kogi inda ake shaye-shaye? Za ka ce Shaiɗan ne. Haka ne. Amma ai ka san masunci ba ya jefa ƙugiya tsirara, sai ya sa mata tana. To, mu duba tanar.

Wurin dai ba abin kallo ba ne: 'yar zana ce, da benci, da rediyo, sai iskar ruwa mai sanyi. Amma a can ba a tambayar kai ɗan wane ne. Mai riga da mai tsumma benci ɗaya suke zama. In babu kuɗi a ba ka bashi. In ka kwana biyu ba ka zo ba, a ce, "Wane, lafiya?" In ka kawo kukanka a saurare ka, ba mai katse ka.

Kuka kuwa akwai shi. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 tafiyar ruwan nan ta sake. Kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, jan-baki ya sami maɓoya a cikinta yana yi wa shinkafa ɓarna. Mutumin da ya koma gida hannu rabbana, yana jin nauyin haɗa ido da iyalinsa, shi ne rumfa ke yi wa maraba.

Kada fa ka ce ina ba shi uzuri. Giya haramun ce, babu saɓani. Allah Ya hana ta a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, Ya bayyana cewa ƙiyayya take haifarwa, ta kuma raba bawa da salla. Ya tabbata daga Annabi (S.A.W.) cewa duk abin da ke sa maye hukuncinsa ke nan, kaɗan ɗinsa da mai yawansa. Saboda haka burukutu, da wiwi, da sholisho, da ƙwaya, duk tafiyarsu ɗaya. Wanda kuma ya ce, "Ni hira kawai nake zuwa," to zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Bashin nan da kuɗin cefane ake biyansa. Ranar da ciwo ya kwantar da kai, za ka ga nawa ne cikin 'yan benci za su leƙo.

An ƙaddamar da Shari'a a Jigawa a shekarar 2000. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Madalla. Amma doka kwalba take fasawa, kaɗaicin da ya kai mutum wurin yana nan.

Dubi yadda aka yi a Madina. Daki-daki hukuncin ya sauka: Baƙara aya ta 219, sannan Nisa'i aya ta 43, sannan Ma'ida. Ranar da hani ya zo, Anas ɗan Malik yana shayar da mutane a gidan Abu Ɗalha, nan take aka zubar. Me ya sauƙaƙa musu? Imani ya riga ya zauna, kuma suna da 'yan'uwantakar da ta fi ta majalisar giya daɗi. Buhari ya ruwaito labarin wani da aka sha yi wa bulala a kan sha, wani ya la'ance shi, Annabi (S.A.W.) ya hana, ya shaide shi da son Allah da ManzonSa.

To, mu fa? Mashayi ya yi ƙarfin hali ya shigo masallaci, sai mu matsa gefe, mu bi shi da harara. Wallahi, in muka kore shi mun san inda zai koma.

Ga abin yi. Na farko, ka riga shi sallama, ka kira shi da sunansa na yanka. Na biyu, ku yi taku majalisar a bakin ruwan, da shayi da gasasshen kifi da raha mai tsabta. Musulunci bai hana zama ba, sharaɗi ya sa: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna. In an kira salla a tashi gaba ɗaya. Na uku, wanda Allah Ya hore wa ya ranta wa masunci kuɗin koma, ba ruwa, ba gori. Na huɗu, wanda ƙwaya ta kama jikinsa a raka shi asibiti, a rufa masa asiri.

Kai kuma da kake zuwa rumfar, ƙofar tuba a buɗe take. Yau da magariba ka tsaya masallaci.

Allah Ya shirye mu, Ya shiryi zuriyarmu, Ya sa wa ruwanmu da gonakinmu albarka. Amin.