Shin Kukan Wanda Ya Warke Butulci Ne?

Shekara uku ke nan da aka yi wa gwaggona tiyatar sankarar mama. Likitoci suka ce an dace, aka dawo da ita gida Kagarko, dangi suka yi ta tururuwar zuwa barka. Da kakar bara na same ta a tsakar gida ana yanka citta za a shanya, ita kuwa ta raɓe gefe, hannunta na hagu manne da ƙirji. Da na matsa mata da tambaya sai ta ce, "Ɗan nan, tun ranar da aka yi aikin wurin nan bai daina ƙuna ba. To, amma wanda Allah ya bar wa rai, da wane baki zai yi ƙorafi?"

Wannan tambaya tata ita ta hana ni sakat. Ga masana kiwon lafiya, abin da ke damunta ba baƙo ba ne. Yayin cire mama da kaluluwar hammata, wuƙa kan taɓa jijiyar da ke kai saƙon ji zuwa damtse. Fata takan haɗe, amma jijiyar ta ci gaba da aika saƙon zafi. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda ya fara aiki a 2022 ya ware wa irin wannan raɗaɗi gurbi na kansa, muddin ya zarce wata 3 bayan tiyata. Ashe ba raki ba ne, ba kuma sammu ba.

Me ya sa ta yi gum? Tarbiyya ce. A nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki, Kirk-Greene ya lissafa haƙuri da kunya cikin ginshiƙan halin Bahaushe, mu ma mun tashi muna jin cewa mahaƙurci mawadaci. Sai dai a ganina mun cakuɗa abu biyu. Haƙuri shi ne kada masifa ta raba mutum da imaninsa da mutuncinsa, shiru kuwa rufe ƙofar magani ne kawai. Annabi Ayuba, wanda Musulmi da Kiristan Kagarko duk suka san labarinsa, ya kai kukansa ga Ubangiji, hakan kuwa bai tuɓe masa rawanin haƙuri ba.

Wani zai ce yawan ambaton ciwo kan raunana zuciya, ya kuma gajiyar da masu jinya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma a duba da kyau, wa shirun yake hutarwa? Mu ne, masu lafiya, da muka ƙagara a rufe zance da "an warke". Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967, ta nuna cewa zafi ya haɗa jiki da zuciya da zaman tare. Ke nan, rashin mai saurare ma wani ciwon ne a kan ciwo.

Saboda haka nauyin a wuyanmu yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, namu shi ne mu tambaya, mu kuma gaskata amsar da aka ba mu. Na mayar da gwaggo wurin likita, aka ba ta maganin ciwon jijiya, aka koya mata motsa kafaɗa. Ƙunar ba ta tafi duka ba, amma ta ragu. Yanzu in na ce, "Gwaggo, ya jiki?" takan ce alhamdu lillahi, sannan ta faɗa mini gaskiya. Ban ga inda ɗayan ya rushe ɗayan ba.