Ka Je Andalus Ka Yi Kuka, Amma a Gidan Wa Ka Kwana?



Makon jiya wani ƙanena a karatu, wanda yanzu yake aiki a Ingila, ya turo min saƙo. Shi da iyalinsa za su je Sifaniya hutun kwana shida, uku a Ƙurɗuba, uku a Garnaɗa. Tambayarsa biyu ce: zai yi ƙasaru ko zai cika, kuma zai iya yin raka'a biyu a tsohon masallacin Ƙurɗuba? Na ce ya yi ƙasarunsa, tunda babu garin da ya yi niyyar kwana huɗu a cikinsa. Masallacin kuwa tun shekarar 1236 ya koma coci, masu kula da shi ba sa barin Musulmi su yi salla a ciki, kada ya je ya ja wa kansa wulaƙanci. Sai ya biyo da hoton masaukin da yake shirin kamawa ta Airbnb: gida guda a unguwar Albaisin, tagarsa na kallon fadar Alhamra. Ya ce, “Malam, duba, kuma da rahusa.”

Na taya shi murna, don wallahi ni ma wurin nan yana raina. Duk wanda ya zauna a zaure ya ɗauki karatu, Andalus ta riga ta shiga jikinsa ko bai sani ba. Muwaɗɗar da muke karantawa ruwayar Yahaya bin Yahaya Allaisi ce, malamin Ƙurɗuba. Mai Ishiriniya, Alfazazi, a Ƙurɗuba aka haife shi. Ibnu Malik mai Alfiyya mutumin Jayyan ne. Tuhfatul Hukkam da alƙalanmu suka daɗe suna riƙo da ita, Ibnu Asim ne ya tsara ta, alƙalin Garnaɗa. Mutum ya so ganin garin malamansa ai ba abin mamaki ba ne. Alƙur'ani ma ya yi ta umarni da tafiya a bayan ƙasa don a ga yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance.

Amma hoton gidan nan ya tsaya min a rai. Akwai tambaya ta uku da bai yi ba, ni ma ban yi masa ita a lokacin ba: kafin gidan ya zama masaukin kwana uku-uku, wa yake zaune a cikinsa, kuma ina ya koma?

Bari in faɗa muku abin da ya sa na yi wannan tunanin. A shekarar 2024 baƙi 'yan yawon buɗe ido kusan miliyan 94 ne suka shiga Sifaniya, ƙasar da mutanenta ba su wuce wajen miliyan 49 ba. Wato kowane ɗan ƙasa yana da baƙo kusan biyu. Harkar tana kawo wajen kashi 12 cikin 100 na arzikin ƙasar, saboda haka ba ƙaramin abinci ba ne. To amma a shekarar ne kuma mutanen gari suka fara fitowa titi. A watan Afrilu dubun dubatar mutane suka yi zanga-zanga a tsibiran Kanari suna cewa tsibiri yana da iyakar abin da zai ɗauka. A watan Yuli, a Basalona, garin da yaranmu suka sani saboda ƙwallo, wasu masu zanga-zanga suka riƙa fesa wa baƙi ruwa da bindigar wasan yara suna zaune suna cin abinci. Magajin garin, Jaume Collboni, ya riga ya sanar a watan Yunin shekarar cewa zuwa ƙarshen 2028 za a kawo ƙarshen lasisin gidaje wajen dubu goma da ake ba baƙi haya ta kwanaki. Fotugal ma a 2023 ta rufe ƙofar samun takardar zama ta hanyar sayen gida, saboda tsadar muhalli a Lisbon da Forto. Har can Meksiko, a Yulin 2025, mutanen babban birnin sun fito a kan irin wannan kuka.

Yadda abin yake faruwa ba shi da wuyar ganewa. Mai gida ya lissafa ya ga abin da ɗan haya yake biya a wata, baƙi za su biya shi cikin 'yan kwanaki. Wa'adin haya ya cika, ya ƙi sabuntawa. Maƙwabcinsa ya gani, shi ma ya yi haka. Gidajen da suka rage wa 'yan gari suka yi kaɗan, kuɗinsu ya tashi. Mai gasa burodi ya rufe, aka buɗe shagon tsarabar baƙi a gurbinsa. Makarantar unguwa ta rasa yara. A tsibirin Ibiza an kai ga ma'aikatan da suke yi wa baƙi hidima suna kwana a mota da tanti, don albashinsu ba ya kama ɗaki a garin da suke aiki. Babu wanda ya zare takobi, babu wanda ya karya doka. Kowa ya yi ciniki da yardarsa, amma unguwa ta watse.

Nan ne mas'alar take. Idan kowane ciniki a kan kansa halal ne, amma tarinsu ya tashi mutane daga gidajensu, wa yake da alhaki? Baƙon da ya biya kuɗinsa ya kwana uku ya tafi, yana da kaso a ciki ko ba shi da shi?

Na san amsar da za ta fara zuwa bakin da yawanmu, kuma tana da ƙarfi. Mai gida yana da iko da dukiyarsa. Haya halal ce. Hukumar garin ce ta ba da lasisi. Miliyoyin mutane da wannan sana'a suke ci, cikinsu har da 'yan uwanmu 'yan Maroko da Senegal da suke wanke kwanuka da gyaran ɗakuna. In baƙi suka daina zuwa, su ne farkon waɗanda za a sallama. Sannan mutum ɗaya cikin miliyan 94, zuwansa da rashin zuwansa me zai canza? Duk wannan gaskiya ne. Shi ya sa ba zan ce wa kowa haramun ba, kuma kada wani ya ɗauki rubutun nan ya ce Malam ya haramta Airbnb. Ban faɗa ba.

Sai dai shari'armu ba ta taɓa tsayawa a kan yardar mai saye da mai sayarwa kaɗai ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana a tari fatake a bayan gari a saye kayansu kafin su iso kasuwa. Ya hana ɗan birni ya zama dillalin mutumin ƙauye ya riƙe masa kaya har su yi tsada. A na biyun nan, duba da kyau, ɗan birni ya yarda, mutumin ƙauye ma ya yarda, har riba zai ƙara samu. Wanda aka kare shi ne mutumin da ba ya wurin cinikin, mai zuwa kasuwa gobe da ɗan kuɗinsa. Wannan na ukun shari'a tana ganinsa ko da masu ciniki ba su gan shi ba. A mas'alarmu shi ne tsohuwar da ta shekara arba'in a unguwa, aka ce mata wa'adi ya cika.

Kuma abin da ya ba ni mamaki, malamin da ya fi kowa warware wannan ƙa'ida ɗan garin ne. Imam Abu Ishaƙ Asshaɗibi, mai Almuwafaƙat, a Garnaɗa ya rayu, a nan ya rasu a 1388. Shi ne ya yi dogon bayani cewa ba a yanke wa aiki hukunci sai an duba inda zai kai, kuma abin da yake mubahi ga mutum ɗaya hukuncinsa yana iya canzawa in aka dube shi a dunƙule. Lokacin da muke karanta wannan a jami'a misalan da ke kanmu na ciniki ne da aure. Ban taɓa zaton zan ga ƙa'idar tana aiki a lungunan garinsa ba.

Akwai kuma batun baƙunci. Mu mun taso muna jin haƙƙin baƙo, ana ta nanata mana shi. Amma hadisin da ya sa liyafa kwana uku, shi ne kuma ya hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Rabin nan na biyu ba mu cika kawo shi a wa'azi ba. Ɗan yawon buɗe ido wani irin baƙo ne da ba mu saba da shi ba: bai yi sallama da kowa ba, bai ga fuskar kowa ba, lambar buɗe akwatin mukulli aka turo masa a waya. Tunda ya biya, yana jin babu wanda yake binsa komai. Alhali kuɗin nan mai gida ya karɓa. Maƙwabcin da ƙarar tayar akwati take tasa da tsakar dare bai karɓi ko sisi ba. Matar da aka ɗauki hoton ƙofarta da shanyarta ba a nemi izininta ba. Haƙƙin hanya da Annabi ya lissafa wa sahabbai, runtse ido da kame cuta da amsa sallama, bai ce yana faɗuwa in mutanen hanyar ba Musulmi ba ne.

Abin da ya fi sosa min rai dai shi ne dalilin zuwan namu. Bature yana zuwa Garnaɗa ne don rana da gini mai kyau. Mu kuwa muna zuwa da ciwo. Muna tuna 2 ga Janairun 1492 da Abu Abdullahi ya miƙa mukullan garin. Muna tuna 1609 zuwa 1614 da aka kori jikokin Musulmi wajen dubu ɗari uku daga ƙasar, aka loda su a jiragen ruwa. Albaisin ɗin nan unguwarsu ce. Mutum ya tsaya a gefen masallacin da aka buɗe a can a 2003, ya hango Alhamra da yamma, hawaye ya zubo masa don an raba mutane da gidajensu. Sannan ya juya ya gangara ya kwanta a gidan da wataƙila bara aka fitar da wani iyali don a samar masa wuri.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ban haɗa korar da aka yi da takobi saboda addini da tashin da tsadar haya take yi ba, tsakaninsu akwai nisa sosai. Amma ina tambayar kaina, me kukan ya koya mana? In ciwon raba mutum da gidansa ba ya motsa mu sai wanda aka raba ɗin namu ne, kuma sai ya shekara ɗari huɗu da mutuwa, to ba zalunci muke ƙi ba, asararmu muke yi wa kuka. Ibrar da aka ce a tafi a ɗauko ai ba hoton bango ba ce.

Wani zai ce, Malam, mu da ko bizar ba mu samu ba, ina ruwanmu? Masu karanta shafin nan da yawa suna Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa, kuma ziyarar Andalus ta zama abin yayi a cikinsu, kamfanoni suna tallarta da sunan yawon halal. Halal ɗin a wajensu shi ne nama da wurin salla da otal marar giya. Madalla da wannan. Amma ban ga tallar da ta sa haƙƙin mutanen unguwa a cikin ma'anar kalmar ba.

Na koma na kira ƙanen nawa. Na ce ya duba ko gidan yana da lambar rajista ta hukuma, don masu izini suna da ita. Na ce in zai iya, ya kama otal ko ƙaramin masaukin da dama don baƙi aka yi shi, ko ɗaki a gidan da mai shi yake zaune a ciki. Ya sayi burodinsa da kayan marmari a shagon unguwa, ya gaishe da wanda ya haɗu da shi a lungu, ya bar ƙofofin mutane da kyamararsa. Tikitin Alhamra kuma ya saya da wuri, don ana ƙayyade masu shiga, kowa da lokacinsa.

Ya yi shiru, sannan ya ce otal ɗin da ya gani ya fi gidan tsada, kuma ba a hango fadar daga tagarsa. Na ce haka ne. Ya ce zai yi shawara da uwargida.