Yunwar Muridi da Abin da Masu Bincike Suka Gani

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka: magabatan tasawwufi sun lissafa yunwa cikin ginshiƙan tarbiyya, tare da shiru da raya dare da kaɗaita. Imamu Gazali ya ware babi guda a Ihya'u kan karya sha'awar ciki da ta farji, yana nuna cewa ƙoshi mai yawa yana dusashe basira. A yau masu bincike sun leƙa wani gefe na wannan hikima.

A shekarar 1969 wani mai bincike, Szurszewski, ya gano a jikin karnuka cewa idan ciki ya zama fanko, hanji yana wata irin matsa mai ƙarfi da ke share ragowar abinci. A jikin mutum tana dawowa kusan duk bayan minti 90 zuwa 120, kuma da an ci abinci sai ta tsaya. Ke nan mai ciye-ciye ba hutu yana hana hanjinsa shara.

Haka nan idan azumi ya yi nisa, sukarin da hanta ta ajiye yana raguwa, sai ta koma sarrafa kitse ta fitar da sinadaran keton, ƙwaƙwalwa ta yi amfani da su. A Amurka, Mark Mattson da abokan aikinsa sun nuna cewa ɓerayen da ake hana wa abinci kwana ɗaya, a ba su kwana ɗaya, ƙwaƙwalwarsu ta fi jure toshewar jini. A 2016 kuma Yoshinori Ohsumi na Japan ya samu kyautar Nobel kan yadda ƙwayar halitta ke narkar da lalatattun sassanta, aikin da yunwa ke ƙara wa ƙarfi.

Sai dai a kiyaye. Ɓera ba mutum ba ne. Wanda ya faɗi daga kabu-kabu ya bugu a ka, likitoci suna gaggauta ciyar da shi, domin jikinsa yana buƙatar abinci don ya warke. Kada wani ya hana majinyaci abinci ko magani da sunan ilimi ko zuhudu. Allah da Kansa Ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, karɓar rangwamen kuwa ladabi ne.

A surar nan dai aka bayyana cewa manufar azumi taƙawa ce. Wanda ya yi azumi don gyaran hanji kawai, ya samu abin da ya yi niyya. Wanda kuma ya wuni da yunwa, ya cika tumbi da fanke da fura lokacin buɗa baki har wazifa ta yi masa nauyi, ya yi asarar fa'ida biyu. Muridi na gaskiya yana azumi don Allah, yana ci gwargwado, yana neman izinin shehinsa kafin ya tsawaita nafila.

Allah Ya tsarkake niyyar ƴan'uwa, Ya ba marasa lafiya sauƙi, albarkacin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Amin.