Amanar da ke bisa tsauni

A tsakiyar ƙasar Faransa, daf da birnin Le Puy-en-Velay, akwai wani siririn tsauni mai tsayin mita 82, ragowar dutse mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa. Bisa ƙololuwarsa wata ƙaramar majami'a ke zaune, mai sunan Mala'ika Mika'ilu, wato Saint-Michel d'Aiguilhe. Ba a isa gare ta sai an taka matakala 268 da aka sassaƙa a jikin dutsen. An keɓe ta ga ibada wajajen shekara ta 961, zamanin Godescalc, babban limamin birnin, bayan ya komo daga ziyarar Compostelle ta ƙasar Sipaniya. A ƙarni na 12 aka faɗaɗa ta, aka ƙara mata hasumiya da sabuwar ƙofa.

Bayan juyin juya halin 1789 an yi watsi da ita, har sai da ta shiga jerin farko na gine-ginen tarihin Faransa a 1840, zamanin da marubuci Prosper Mérimée ke shugabantar sa ido a kansu. Dokar 1905 ta raba gwamnati da addini, amma ta bar tsofaffin majami'u a hannun hukuma. Ke nan harajin mai ibada da na wanda bai taɓa durƙusawa a cikinta ba duka suna shiga gyaranta. A nan tambaya ta taso: shin adalci ne a ɗora wa mutum nauyin gadon da bai gina ba, bai kuma yi imani da shi ba?

Mai musu yana da hujja. Kuɗin da aka zuba a dutse an hana shi ga makaranta da asibiti, kuma rayayye ya fi gini haƙƙi. Ba a kawar da wannan magana da ɗaga murya.

Sai dai ginin da kansa yana ba da amsa. Bakan ƙofarsa mai lanƙwasa uku, da duwatsu masu launi-launi da aka jera samansa, masana da dama suna ganin tasirin ginin Andalus a cikinsu, irin na masallacin Kurɗuba. Idan haka ne, hannun da ya yi aikin Kirista ne, amma idonsa ya sha daga rijiyar wasu. Rushewar irin wannan wuri tana shafe shaidar cewa al'ummu sun taɓa koyo daga juna, kuma asarar ba ta masu ibada kaɗai ba ce.

A 1955, ana cikin gyaran teburin ibada, ma'aikata suka tarar da kayan tsarki da aka ɓoye a ciki, har da wani tsohon gicciye na itace. Waɗanda suka ajiye su ba su san wanda zai same su ba. Sun dogara ne ga mutuncin na baya. Wannan ita ce ma'anar amana: magaji mai riƙo ne, ba mai mallaka ba. Yana da ikon auna abin da zai kashe, ya fifita mai yunwa a shekarar yunwa, amma ba shi da ikon yanke wa jikokinsa hukunci ta hanyar sakaci. Ginin da aka gyara ana iya sake shawara a kansa gobe. Wanda ya faɗi daga tsayin mita 82 ya rufe shawara har abada.